Waɗanda Ba Mu Tambaya Ba

Yayata abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, kuma karatun jinya bai ramar da ke ba. Autarki da kika bar mini tana nan garau, sai surutu. An mayar da ajinsu bene, daidai saman nawa, tana ta yi mini yanga wai yanzu a kaina take zama.

Tun muna yara kike kirana Uwar Tambaya, to bana na samu magada. Ina koya wa 'yan aji biyar tsara takardar jin ra'ayi. Su za su ƙirƙiro tambayoyi a kan ajinsu, su raba, su ƙirga amsoshin. Na kafa musu dokoki: ba a rubuta suna, ba a yin tambayar da ke tura mutum ga amsa, kuma a ƙarshe sai mun duba wa muka bari ba mu tambaya ba. Yawancinsu shirme suka kawo, wai wa ya fi tauna fensir. Wata shiru-shiru da suke kira Tsuntsuwa ta kawo tata: wace kujera ce ba ka son zama a kai, kuma don me? Na kusa soke ta, sai na bari.

Taki har kullum,
Uwar Tambaya

Yayata,

Ina gaisuwa, ya jiki, ya karatu? Mu lafiya, sai dai raina ba daɗi.

Mun ƙirga amsoshin tambayar Tsuntsuwa. Cikin yara talatin da huɗu, ashirin da tara sun ce layin baya, kusa da kabad. Na zaci zafi ne ko duhu. Ashe yashi ke zubo musu a kan littafi, kuma bango yana ƙara duk lokacin da 'yan sama suka ja benci. Shekara biyu ina yi wa yaran nan faɗa kan ƙazantar littafi, ban taɓa tambayarsu daga ina ƙasar take ba. Na ji kunya ƙwarai.

Da aka tashi, ni da mai gadi muka ture kabad ɗin. Bangon ya tsage tun daga ƙasa har rufi, yatsana yana shiga. An taɓa shafe shi da siminti, ya sake buɗewa. Ke nan wani ya sani, ya kuma san inda ya kamata ya ajiye kabad.

Na kai wa mai makaranta. Ya yi murmushi, ya ce filasta ce kawai. Sai ya nemi takardun, yana son sanin wa ya kawo tambayar. Na ce babu suna, ya ce shi ma ya san rubutun yara. Ban ba shi ba.

Ƙanwarki,
Uwar Tambaya

Yaya,

Ina fata kina lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, a gurguje nake yi.

Kwana uku ana ruwa. Yaran sun ɗauki rula suna auna tsagar kowace safiya, tunda na koya musu rubuta abin da suka gani. Kullum sai ta ƙaru.

Jiya Tsuntsuwa ta tuna mini dokata ta ƙarshe, ta ce ba mu tambayi 'yan bene ba. Da muka koma gida na tambayi Autarki. Tana dariya ta ba ni labarin wasan da suke yi: in ka ajiye fensir a ƙasa, da kansa yake gangarawa zuwa kusurwa, har tsere suke haɗawa. A kusurwar kujerarta take.

Mai makaranta ya ce gyara sai an yi hutu. Ranar Litinin za a fara jarrabawa, kuma wani ajin zai haɗa da na su Auta a benen nan, yara saba'in. Ya ce duk malamin da ya fitar da maganar, ya nemi wani aikin. Na sa yarana sun kwafe sakamakon a littafinsu, kowa ya kai wa iyayensa. Aikin ya tafi, na sani, kuma tsoro nake ji.

Auta ba za ta taka makarantar ba, wannan ki kwantar da hankalinki. Amma 'yan bene ba su da takardar da za su kai gida, don ba mu tambaye su ba. Yau Asabar, zan bi gida-gida, Auta za ta nuna mini na ƙawayenta. Cikin saba'in, gida goma sha ɗaya ta sani. Ga hadari ya sake haɗowa.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Uwar Tambaya