Motar da Za Ta Shiga Lungunmu

Garwa, 9 ga Afrilu, 1975

Zuwa ga ƙanena Lukmanu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Talatu da yara, da aikin tashar jirgin ruwa ta Duwala. Mu nan lafiya lau, sai zafin Garwa da ka sani, wanda ke sa nama ya canja kama kafin azahar. Baba yana gaishe ka. Jikin nasa yana nan yadda ka bar shi, ƙafafu sun ƙi, baki kuwa bai rasa komai ba.

Wani labari ne ya hana mu sakat a kasuwa. An ce akwai wata ƙaramar mota da za a fara kawowa daga Japan, ba ta kai kamiyo, wato babbar motar kaya, ba, ta kuma fi tasi. Babu wanda ya gan ta, amma kowa ya san ta. Brahim direba ya rantse mutum tara take ɗauka, har da akuya biyu. Barthélemy makanike ya ce injinta a ƙarƙashin kujerar direba yake, wai mutum ya zauna a kan wuta ya yi tuƙi. Wani ya ce ƙofarta ba buɗewa take ba, jan ta ake yi gefe kamar labule. Ɗanmalam mai tsire, wanda bai taɓa wuce Pitowa da ke nan kusa da mu ba, ya ce ba za ta hau dutsen Ngaundere ba sai an tura. Jiya saura kaɗan a ba hammata iska a rumfar mahauta a kan ko tana da hanci ko ba ta da shi.

Ni duk wannan bai dame ni ba. Abu ɗaya na ji ya tsaya mini a rai, an ce siririya ce.

Ka san shekara uku ke nan Baba bai leƙa waje ba, kuma ba don babu mai ɗaukarsa ba. Mota ba ta shiga lungunmu, shi kuwa ya ce mutumin da ya yi shekara ashirin yana sarkin pawa ba za a ratsa unguwa da shi a goye jama'a na kallo ba. Na kawo amalanke, ya ce in mayar wa nama abinsa. Ranar Juma'a a zaure yake zama, kuma na sha ganin yana share ido idan mutane suna wucewa masallaci. Abin yana ci mini rai, Lukmanu. In motar nan za ta zo har bakin zaure, ya tashi daga tabarma zuwa kujera ba wanda ya gani, wallahi zan saye ta ko da bijiman da nake kiwo za su tafi duka.

Ga igiya nan cikin ƙunshin. Na yanko ta daga ƙirgi mai kyau, na auna inda lungu ya fi matsewa, wato kwanar gidan Hajjo, na ƙulla a nan. Ban yarda da metir ɗin nasara ba, lambobinsa rikita ni suke yi. Tunda duk motar da ta shigo ƙasar nan a gabanka take sauka, ranar da ta farko ta iso ka gwada faɗinta da igiyar. In ba ta wuce ƙullin ba, ka sa sunana cikin masu saye. Kada ka faɗa wa kowa tukuna.

Ka gaishe da mutanen gidanka. Allah ya bar zumunci.

Wanka,
Mahamman

Garwa, 21 ga Yuli, 1975

Zuwa ga ƙanena Lukmanu,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya ruwan Duwala, wanda ka ce ya yi sati uku bai ɗauke ba? Yaya Talatu da yara? Mu ma damina ta zauna, Binuwai ta cika har ta taɓo gonakin bakin gada.

Takardarka ta same ni ina tsakiyar saran nama. Da na kai inda ka ce ka auna, har da rarar yatsa biyu, sai na aje gatari na rungume Ɗanmalam, mutumin da muka yi wata biyu ba ma ga maciji. Ni da na ce maka kada ka faɗa wa kowa, kafin la'asar duk kasuwa ta ji daga bakina. Yanzu ni ne malamin motar. Kowa ya zo sayen nama sai ya tambaye ni ita, ni kuwa ina ba da amsa kamar tare muka tashi. Ka taimake ni ka rubuto gaskiyar maganar inji da ta ƙofa, don na riga na faɗi abubuwa da yawa.

Gardamar ma ta ƙaru. Wai akwai wata da ta fi wannan ƙanƙanta tana tafe baɗi, ta mutum huɗu, wadda ke shan mai kamar ɗan tsako. Brahim ya ce in jira ta. Na ce masa shi yana da baɗi a aljihu, Baba kuwa ban sani ba.

Na gaya wa Baba. Ya yi kamar bai damu ba, ya ce shirme ne irin na yaran zamani. Can bayan na miƙe sai ya tambaye ni wane launi ce. Washegari ya sa Lauratu matata ta fito masa da farar rigarsa ta saƙi a shanya. Yanzu kullum da safe sai ya lissafa mini inda za mu: masallacin Juma'a da fari, sai mahauta ya ga irin ɓarnar da muke yi wa sana'arsa, sai kan gada. Jiya ya ƙara da Pitowa ranar kasuwa. Rabon da in ji yana maganar gobe har na manta.

Ina koyon tuƙi wurin Barthélemy a filin bayan gari. Ya ce ina riƙe sitiyari kamar ƙahon sa mai faɗa. Permi, wato lasisin tuƙi, dai sai a hankali, don haka shi zan tura Ngaundere ya tarbo ta daga jirgin ƙasa.

Allah ya saka maka da alheri, ya raya zuriya.

Wanka,
Mahamman

Garwa, 17 ga Nuwamba, 1975

Zuwa ga ƙanena Lukmanu,

Bayan gaisuwa, ina fata kuna lafiya kai da iyali. Mota ta iso ranar Juma'a da hantsi, ta kuma hau dutsen ba wanda ya tura ta. Fara ce sol, ba ta da hanci, ƙofarta kuwa jan ta ake yi gefe. Rabin kasuwa ya biyo ta a ƙafa har unguwa, mata suna guɗa ta kan katanga. Baba tun asuba ya yi wanka, ya sa rigar, ya naɗa rawani, yana zaune a zaure.

Barthélemy ya shigo lungu a hankali, ina gaba ina yi masa hannu. A kwanar gidan Hajjo ta tsaya. Muka cire madubai, muka koma baya, muka sake gwadawa. Ta fi lungun da yatsa huɗu, tsakaninta da zaure kuwa taku talatin.

Ba laifinka ba ne. Barthélemy ya ce ka gaya masa a waya cewa cikin ruwan sama kuka auna, kai da wani kuna ja. Na shiga zaure na faɗa wa Baba, kaina a ƙasa. Ya tambaye ni da me na yi awon, na ce da ƙirgi. Sai ya fashe da dariya har rawaninsa ya karkace. Ya ce ɗan sarkin pawa, wanda aka yaye a kan fata, ya aika busasshen ƙirgi garin da ruwa ba ya ɗaukewa, bai san zai jiƙa ya miƙe ba. Ni dai kunya ta hana ni ɗaga ido. Na ce ya ba ni kwana biyu in roƙi Hajjo a sassabe katangarta.

Ya ce ba za a rushe wa gwauruwa katanga saboda shi ba. Ya saurari ƙarar injin, sannan ya ce: "Ta taso tun daga Japan ta zo har kwanar Hajjo. Juyo bayanka, Mahamman."

Na durƙusa na goya shi. Na fito ina jiran idanun jama'a, don lungun cike yake maƙil. Lukmanu, ban ga fuska ko ɗaya ba. Ba wanda ya yi umarni, amma mata sun sauka daga katanga, masu gida sun shige zaurukansu, waɗanda ba su da wurin shiga sun juya sun fuskanci bango. Ɗanmalam ma, da duk surutunsa, yana tsaye yana kallon katanga kamar an rubuta masa wani abu a jiki. Haka muka yi takun nan talatin, ba ka jin komai sai injin. Sai da ƙofa ta rufe suka juyo, kowa yana yi wa Sarki barka da fitowa.

Ya yi Juma'a a sahun gaba. Ya je mahauta ya zage mu tas a kan yadda muke feɗe kai. A kan gada ya sa aka tsaya, ya daɗe yana kallon ruwa, ya ce gobe Pitowa.

Amma akwai abin da ban faɗa wa kowa ba, sai kai. Da na ɗaga shi na shirya ƙarfina, irin na ɗaukar Baban da muka sani, sai na ji kusan babu komai a bayana. Riga ce da rawani. Ka nemi hutu ka zo kafin Babbar Salla, kada ka ce sai baɗi. Akwai kujerarka kusa da tasa.

Ka gaishe da Talatu da yara. Allah ya kawo ka lafiya.

Wanka,
Mahamman