An Dawo da Wata Rufaida

Zuwa ga ƴata Rufaida, a duk inda take a ƙetaren kogin Komadugu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ina sanar da ke mu nan Diffa lafiya muke, ni da babanki da ƙanenki Modu, da autanmu da aka haifa bayan tafiyarki. Haka aka koya mana buɗe wasiƙa a lakwal, wato firamare, ban san wata hanya ba. Na san takardar nan ba za ta same ki ba, ko ta same ki ma an ɗauke ki kafin ki san baƙi. Amma kwana uku ke nan ina ɗauke da wata magana, in ban sauke ta ba, ba zan iya yin abin da ke gabana gobe ba.

A kan sunanki maganar take, don haka da shi zan fara.

Ni na zaɓe shi. Ina da cikinki wata shida muke zuwa karatun matan aure bayan la'asar, a ƙauyenmu kusa da Geskeru. Ran nan malam ya ba mu labarin wata sahabiya da ta kafa tanti a Madina tana jinyar waɗanda aka ji wa rauni a yaƙi. Ya ce sunanta Rufaida, Larabci ne, daga kalmar taimako da kyauta ya fito, kamar a ce ƙaramar mai tallafa wa mutane. Ni kuwa aikin likita na so tun ina yarinya, rashin hali ya fitar da ni daga kwalej a aji biyu. Sai na ji kamar don ni aka ajiye sunan nan. Ina tafe ina maimaita shi har gida kada ya ɓace mini.

Babanki bai yi musu ba. Kakarki Ya Falmata ce ta tayar da ƙura, don ta riga ta gaya wa kowa za a yi mata takwara. Cewa ta yi, sunayen mutane sun ƙare ne, sai an je an tono wanda ko liman bai sani ba? Gaskiyarta kuwa, ranar suna sai da liman ya sa babanki ya faɗa masa sau biyu. Har ta koma ga Allah ba ta yarda ta kira ki da shi ba, Gana take ce miki, wato ƙarama. Amma duk ranar kasuwa ita ce mai ƙulla miki dabino a bakin zane.

An ce a ƙasashen Larabawa sunan ba baƙo ba ne, kuma a manyan birane irin Kano da Maiduguri ana samun masu shi jefi-jefi. Mu dai a bakin koginmu, daga Shetimari har Baruwa, ban taɓa jin wata ba. In aka kira Falmata a bakin rijiya mata biyar ne za su waiwayo. In aka kira ki, ke kaɗai ce. Na yi alfahari da wannan, ba zan ɓoye miki ba, har da ɗan ji da kai.

Abin dariyar, ni da na sha faɗa a kan sunan ban taɓa kiranki da shi ba. Ke ce ƴar fari, kunya ta hana. Ke, nake ce miki, ko yarinyar nan. A cikin raina kawai nake faɗarsa in kina barci.

Shekarunki shida lokacin tsinkar tattasai na waccan shekarar. Ruwan kogi ya ja baya, ana iya ƙetarewa da ƙafa. Modu ya tashi da zazzaɓi, na goya shi zuwa likita a Geskeru, na bar ki wurin maƙwabciyarmu Bintu, mai tsohon ciki a lokacin. Ta ce in tafi hankali kwance, za ta je gona da ke ki taya ta tsince na ƙasa, tunda ita sunkuyo ya fara yi mata wuya. Kin sa jan ɗankwalina kina ta rawar kai wai yau ke ma'aikaciya ce. Da rana tsaka mutanen daji masu bindigogi suka fito daga cikin ciyayin bakin ruwa. Kafin in dawo sun ƙetare da mata da yara, da ke da Bintu a ciki. Buhunan tattasai na nan a zube, ko ɗaya ba su taɓa ba.

A bakin kogin nan, gaban surukaina da maigari da kowa, na fara kiran sunanki da ƙarfi. Ban tuna da wata kunya ba.

Bayan haka ƙauyen ya watse. Muka yi zaman rumfar leda a bakin gudiro, babban titin kwalta, daga baya muka samu ɗaki a Diffa. Shekara huɗu ke nan aikina ɗaya ne. Duk lokacin da na ji an ce wasu sun kuɓuto, ko an sako wasu, sai in ɗauki mayafi in je. Mu da yawa ne masu zuwa, mun san juna, mun san wace ke neman wa.

A nan na gane abin da na jawo wa kaina. Uwar da ke neman Falmata ko A'isha ba ta komawa gida hannu wofi. Kullum akwai wadda za ta ce mata, eh, na ga wata Falmata, doguwa, mai wushirya. Wataƙila ba tata ba ce, amma ta samu abin da za ta riƙe har wata mai zuwa. Ni in na faɗi naki sai su ce in sake faɗa, su girgiza kai. Babu kama, babu wataƙila. Sau nawa na dawo ina cewa da na bar wa kakarki takwararta, da ni ma na samu ƙaryar da zan kwana da ita.

Tsoro iri-iri na ji a shekarun nan. Na ji tsoron sun canza miki suna. Na ji tsoron ke da kanki kin manta shi, tunda a gida ma ba kowa ke kiranki da shi ba. Na ji tsoron wata rana za ki wuce ni a kasuwa, kin yi tsawo, in kira ki ki ci gaba da tafiya. Duk waɗannan na saba da su, ina daka da su, ina wanki da su.

Na kwana ukun nan daban ne.

Ranar Litinin wata mata daga ƙauyenmu ta shigo mini ko sallama ba ta gama ba. Ta ce Bintu ta fito, tana gidan yayanta a nan cikin gari, kuma ta ji da kunnenta Bintu na kiran Rufaida. Rariyar da ke hannuna ta faɗi. Na miƙe ba takalmi, sai matar ta riƙe mini hannu ta zaunar da ni. Ta ce ba ke ba ce. Yarinya ce ƙarama, ba ta cika shekara huɗu ba, cikin nan da aka tafi da Bintu da shi. Ita Bintu ta sa wa sunanki.

Ke yarinya ce, ba ki san yadda ake sa suna a wurinmu ba. Ana yi wa uwa takwara, ana yi wa kaka, ana yi wa babbar aminiya. Ana kuma mayar da sunan wanda ya rasu don kada ya ɓace a gida. Amma ban taɓa ganin an ɗauki sunan yarinya ƴar shekara shida, tana raye, tana zaune a ɗaki ɗaya da mai jego, an sa wa jaririya ba. Wa zai amsa in an kira? Kuma Bintu ba ta da inda za ta samo sunan nan in ba wurinki ba. Da Falmata ce, da na ce ta gaji wata gwaggonta ne. Wannan kuwa babu mai shi sai ke.

Babanki ya ce kada in yanke wa Allah hukunci. Ya ce wataƙila raba ki da Bintu aka yi tun a hanya, kewarki ta sa ta yi haka. Ya ce wataƙila nauyin amanar da na ba ta ne ya dame ta. Ya ce wataƙila sunan kawai take so, ai ita ce mai tsokanarki da likitar ƙauye. Duk na yarda zai iya yiwuwa. Amma shi ma tun Litinin bai ci abincin kirki ba, kuma bai ce zai je ya tambaya ba.

Bintu ta san muna garin nan. Kwana uku ba ta aiko ba. Wannan shirun ya fi komai ba ni tsoro.

Jiya na je har ƙofar gidan. Na ji muryar yara a ciki, na tsaya kamar mai gyara takalmi, na wuce. Yau da safe na sake komawa, na kai hannu ga labulen zaure, na juyo. Shekara huɗu ina bin mutane ina roƙon wanda zai ba ni labarinki, yau ga mai labarin a bayan katanga ɗaya, ni ce ke gudu. Muddin ban shiga ba, kina da shekara goma, kina wani wuri kina ɗibar ruwa, kin iya ɗaura zane. Ban san abin da zai rage mini ba in na fito daga gidan nan.

Amma Bintu ma ƴar mutane ce, ta sha abin da ta sha, bai kamata in bar ta da kayan nan ita kaɗai ba. Kuma ke ba ki cancanci uwa mai tsayawa a ƙofa ba. Gobe in na sallame sallar safe zan je. Na sayi sabulu da ƴar riga, don ba a zuwa ganin yaro hannu sake. Zan gaishe ta da dawowa, zan ɗauki yarinyar in ɗora a cinyata, sannan in tambaya.

Ya Allah, Kai ka san inda take. In tana raye, Ka tsare ta, Ka sa ta a hannun mai tausayi, Ka nuna mata hanyar gida. In kuwa tana wurinKa, Ka sa ba ta sha wuya ba, Ka sa akwai wanda ya riƙe mata hannu. Ka saka wa Bintu da alheri ko mene ne za ta faɗa mini. Ni kuma Ka ba ƙafafuna ƙarfin shiga, Ka ba su ƙarfin fitowa.

Ki yafe mini da na bar ki ranar nan, ƴata.

Ni ce,
Innarki.