Ƙusa a Ƙugun Baba

Yayana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ya aiki, ya yara?

Jiya aka yi wa Baba aikin. Ƙashin ya karye ne can sama, inda cinya ke shiga ƙugu. Likita ya ce sai da suka ɗaure ƙafar a wani gado mai ja, suna ja suna juyawa suna duba hoto, har bakin karayar ya haɗu. Daga nan suka zura ƙarfe cikin ƙashin, suka kafe shi da doguwar ƙusa.

Ka san Baba da baki. Yana farfaɗowa ya ce ashe likitan ma kafinta ne irinsa, riga ce kawai ta bambanta su. Har tambaya ya yi ko an sa gam! Na yi dariya har da hawaye. Sun ce zai taka, in sha Allahu.

Ƙanwarka,
Auta

Yayana,

Ina gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Mu kam sai addu'a.

Ƙusar ta zame, ƙafar ta gajarce ta juya waje. Likita ya ce ƙashin ne ya yi laushi saboda tsufa, amma akwai dabara: a cire kan ƙashin a sa na ƙarfe, kuma yana da kyakkyawan zato. Baba ya karɓi hoton ƙashin, ya ɗaga shi a taga, ya daɗe yana kallo. Sai ya ce ya gane, gara ta riga ta ci katakon, kuma shi bai taɓa karɓar irin wannan gyaran ya cuci mai kaya ba. Likita ya yi ta nuna masa ƙashi ba katako ba ne. Ina! Ko a jikinsa, ya ƙi yarda a sake aikin.

Wallahi Yaya zuciyata ta karye. Ka zo, ko zai ji taka.

Yau ya aike ni shago na ɗauko tef ɗin awo. Ya auna daga gwiwarsa zuwa diddige, ya auna faɗin ƙugunsa. Kujera yake so kafinta maƙwabcinsa ya haɗa masa, mai rami a tsakiya, a riƙa sa fo na bahaya a ƙasa. Ni na riƙe masa bakin tef ɗin, ya kuɓuce mini, har ya yi mini faɗa kada in ɓata masa awo.

A gaida yara.

Ƙanwarka,
Auta