Baba Ya Koma Chaco

Concepción, 14 ga Yuli, 1961

Zuwa ga Yayana Crispín,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Rufina da yara, kuma sanyin Buenos Aires bai tayar maka da tarin nan naka ba. Allah ya ƙara muku lafiya. Mu nan Mama tana nan da ciwon gwiwarta, Inna Petrona ta warke har ta koma gasa chipa, burodin rogon nan nata, a bakin kasuwa. Ka yi haƙuri da rubutun, sau uku ina zama ina tashi kafin in kai wannan layi.

Yaya, Baba ba ya gida. Yau kwana goma sha ɗaya. Kada hankalinka ya tashi, da ransa, amma bari in faɗa maka daga farko.

A watan jiya aka kawo masa asibiti wani kafinta mai suna Eusebio Quispe, ɗan Bolibiya, cikin fursunonin yaƙin da ƙasarmu ta yi da tasu a dajin Chaco, waɗanda suka yi aure a nan ba su koma ba. Bayansa ya kumbura yana ruwa. Ni na riƙe kwano Baba ya tsaga, ya ciro wani guntun ƙarfe kamar ƙwayar masara. Yana ɗinki yana jan mutumin da hira don ya manta da zafi, sai ya tambaye shi a ina ya samo wannan tsaraba. Eusebio ya ce a bakin wani tafki ne, ran bikin San Juan na 1933, sun kwana biyu ba ruwa, suna durƙushe suna sha sai jirgin sama ya fito daga wajen rana ya sako musu bam. Na ga hannun Baba ya tsaya. Shekara tara ina taimaka masa, ban taɓa ganin allura ta tsaya a hannunsa ba.

Ka san duk abin da muka sani game da tuƙin jirgin saman da ya yi hoton nan ne na falo, da hular fata da manyan tabarau, yana cikin matuƙan farko da soja ta horar. Ka kuma tuna yadda ya ajiye kakin bayan yaƙi ya shiga karatun likita yana da shekara talatin da biyar, 'yan ajinsu suna ce masa Kaka. Ko jirgin sama na fasinja bai sake hawa ba, na ruwa kuwa ba zai kai shi a kan lokaci ba, shi ya sa bai zo ɗaurin aurenka ba, ba fushi ba ne kamar yadda ka ɗauka. To, ranar nan ya gama ɗinkin, ya wanke hannu, ya dubi mutumin ya ce masa shi ne a cikin jirgin.

Na zaci za a yi tashin hankali. Sai Eusebio ya fashe da dariya har ɗinkin ya kusa ɓallewa, ya ce ashe dai Likita kayansa ya zo karɓa, to ga shi nan ya riƙe, shekara ashirin da takwas yana masa ajiya. Ya ce gara da ya bar tuƙin, don saitinsa bai kai ɗinkinsa kyau ba. Amma da zai saka riga sai dariyar ta ɗauke. Ya ce ƙanensa Hilario yana gefensa a ranar, shi bai tashi ba, kuma uwarsu ta mutu tana tambayar inda aka binne shi. Shi kansa ba zai gane wurin ba, a sume aka ɗauke shi.

Tun daga ranar Baba bai zauna ba. Ya ɗauki ƙoƙon terere, shayin nan namu mai sanyi, ya ajiye bai sha ba, ya fita tsakar gida ya dawo, ya zazzage akwatin takardunsa yana neman tsohuwar taswira. Ran nan ya rubuta wa mace mai ciki maganin wani tsoho, da ban duba ba da an yi ɓarna. Daga ƙarshe ya ce zai kai Eusebio inda aka binne ƙanensa. Mama ta ce masa tsoho da ciwon zuciya ina shi ina Chaco, in mutuwa yake nema ai akwai ta a nan kusa, ba sai ya wahalar da mutane ba. Ya ce mata shi kaɗai ya san tafkin, kuma daga sama kawai ya san shi, ta ƙasa ko shi ɓata zai yi.

Wani mai kiwon shanu da Baba ya taɓa yi wa matarsa tiyata yana da ƙaramin jirgi, shi ya yarda ya kai su. Na raka su filin jirgi. Yaya, Baba ya kasa ɗaga ƙafa ya hau. Eusebio ne ya tura shi ta baya yana cewa hau mana Kyaftin, yau ai ba wanda zai harbe ka sai ni, ni kuwa ban zo da komai ba.

Shekaranjiya Eusebio ya dawo shi kaɗai. Ya ce sun yi shawagi har mai ya kusa ƙarewa, can sai Baba ya nuna da yatsa. Tafkin ya ƙafe. Sun sauka a filin wata gona suka ƙarasa da doki, suka tarar da tulin ƙasa na kaburbura a jere, ba suna ko ɗaya. Eusebio ya sassaƙa gicciye da hannunsa, Baba ya riƙe masa yana kafawa. Da za su juyo sai mutanen wata ruga da ke kusa suka ji an ce likita ne, suka fito da marasa lafiyarsu, tari da ciwon ido, sun fi arba'in. Baba ya tuɓe kwat ya zauna a kan kututture. Da mai jirgin ya matsa a tafi, ya ce su tafi kawai.

Takardar da ya aiko layi biyu ce. A aiko masa da baƙar jakarsa da maganin ido. Ko ƙwayar maganin zuciyarsa bai ambata ba, ga ta nan a kan tebur na ƙirga, bai ɗauki ko ɗaya ba. Eusebio ya ce kada mu damu, wai tunda ya san shi bai ga yana cin abinci da daɗi irin na can ba. Mama ta wuni tana faɗa, da yamma kuma na same ta tana ninke masa riguna.

Jirgin zai koma ran Alhamis, kuma ba zan ba kowa jakar nan ba, ni zan kai. Ban sani ba ko zan iya dawo da shi, ban ma tabbata ina so ba. Abin da nake roƙonka shi ne ka nemi hutu ka hau jirgin ruwa ka zo ka zauna da Mama, ba ta iya hawa matakala ita kaɗai.

Ka gaishe mini da Rufina, da Amado da 'yar auta Celsa, da Kawu Bartolo in har yanzu yana unguwarku. Mama tana gaishe ka, ta ce in gaya maka ubanka ya haukace. Ta kuma ce in saka masa bargo a ƙasan jakar.

Ƙanwarka,
Eulalia