Kular Inna da Ka Yanka

Kabo, ranar Talata

Malam Mudassir,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, ya aiki, ya mutanen Gwarzo? Na gaishe ka ne domin haka aka tarbiyyantar da ni, ba don raina ya yi sanyi ba. Ka daina kiran wayata, ba zan ɗauka ba.

Ni da 'yarmu Ikilima muna gidan Baba. Da ya tambayi dalilin yajina kunya ta kama ni. Ta yaya zan ce mijina ya sa zarto ya raba kular abincina biyu a gaban 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare, wai su ga soson da ke hana zafi fita? Ka san kular nan ita ce abu na ƙarshe da Inna ta saya mini kafin ta rasu. Na yi shiru da ka kwashe mini cokula kana tsoma su a ruwan zafi. Na yi shiru da ka farke matashi ka ɗebi auduga. Wannan kam ba zan yi shiru ba. Ko tambayata ba ka yi ba. A bakin maƙwabciya na ji.

Ka gaida yayarka, Yaya Murja.

Zulaiha

Kabo, ranar Alhamis

Malam,

Bayan gaisuwa da fatan ka tashi lafiya. Ikilima ta warke daga murar da ta yi, tunda ba ka tambaya ba.

Direba ya kawo saƙonka: kwalin da ɗalibanka suka haɗa, an cusa masa ƙaiƙayi da tsumma, da tukunyar dambu a tsakiya. Ba zan yi ƙarya ba, da muka buɗe yana tururi. Baba ya ci, ya yi ta jujjuya kwalin yana cewa, "Yaran nan za su yi nisa." Daga nan ya ce in haɗa kayana. Ka ji daɗi, ka saye mini uba da dambu.

Zan dawo ranar Asabar saboda umarninsa, ba don kai ba.

Takardar da ka haɗo kuma na karanta. Ka cika ta da bayanin yadda zafi ke bin ƙarfe ya tsere, da yadda yara suka yi tafi. Ban ga inda ka ce in yi haƙuri ba. Har bayanta na juya na duba.

Ka huta lafiya.

Matarka,
Zulaiha