Ni Nake Zaɓa wa Yayana Dokin Caca

Assalamu alaikum Anti, da ku masu bibiyar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, don na riga ku zagin kaina.

Shekarata sha shida, a Madina aka haife ni, muna zaune a unguwar Al-Khalidiyya. Ni ba mai magana ba ce, ko a aji sai malama ta kira ni sau biyu kafin a ji muryata. Kallo ne nawa. Yayana yana aiki a matatar mai a garin Yanbu, ƙarshen mako yake zuwa gida. Wata Asabar bayan la'asar na kai masa shayi, na tarar yana kallon tseren dawakin Turawa a waya, irin wanda suke tsallake shinge cikin taɓo. Na tsaya a bayansa da faranti a hannu. Akwai wani jan doki a gaba, amma na lura yana ta kwantar da kunne, farin gumi ya jiƙa masa wuya, kuma duk shingen da ya tsallake sai ƙafarsa ta baya ta shafi samansa. Ban san lokacin da na ce wannan zai faɗi ba. Shinge biyu a gaba ya kifa da mahayinsa.

Yaya ya juyo kamar yau ya fara ganina. Ya ce, "Ke Auta, zo zauna. Me kika gani?"

Kun san daɗin a tambaye ki abin da kika gani? Ni sai ranar na sani. Daga nan ya riƙa turo mini bidiyon tsofaffin tsere, ni kuma ina rubutawa a bayan littafin lissafina: wanda yake son ƙasa mai laushi bayan ruwa, wanda yake karkata hagu in zai yi tsalle, wanda numfashinsa yake ƙarewa a hawan tudu. Duk Juma'a in ba shi sunan doki ɗaya da nake ganin zai ci. Ba kullum nake dacewa ba, amma ina yawan dacewa. Wata rana ya bar wayar a kan darduma ya tafi alwala, sai na ga sunan dokina da kuɗi a gefensa. Caca ce. Na tambaye shi, ya yi dariya ya ce in bar abin da ya fi ƙarfina. To ga inda kunyata take: na sani, amma na ci gaba har sati biyar. Ya sayo mini abaya, na karɓa, har na shiga Harami da ita. Wace irin yarinya ce ke yin haka?

Da abin ya ishe ni sai na yi dabara. Na ce bari in ba shi mafi lalacewa, ya yi asara ya haƙura. Na zaɓi wani tsohon baƙin doki mai nawa, wanda kullum shi ne na baya. Anti, ukun da suke gaba suka yi karo a shingen ƙarshe suka zube, wannan tsoho ya zo a hankali ya tsallake ya ci. Yaya har sumbatar kaina ya yi. Na ce masa da gangan na yi don ya faɗi, ya ce, "Kin ga? Ko ƙaryarki ci take yi."

Yanzu abokansa na gidan ma'aikata a Yanbu duk maganata suke jira, suna kirana Malama, suna tura wa wasu. Nan ba ƙasar da ake wasa da caca ba ce. Bakin mutum ɗaya ya isa a kama shi, aikin ya tafi, a soke masa iƙama, wato takardar izinin zama, a kore shi daga ƙasar. Babanmu kuma yana da hawan jini, kuma da Yaya yake alfahari a masallaci. Na ce na daina, Yaya ya ce in na yi shiru zai zaɓa da kansa ya zuba ninkin kuɗin, in kuma na faɗa wa Baba in fara da bayanin littafina.

Yau Alhamis. Yaya ya turo sunayen dawakai tara, kuma wallahi na riga na san wanda nake zaton zai ci. Baba yana falo yana shan shayi, sau uku ina zuwa bakin ƙofa ina komawa. Me zan yi?