Kwana Ɗaya a Tsibirin Inna

Murter,
Ƙarshen watan Satumba.

Zuwa ga Yaya Frane,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya kai da iyalinka a can Ostareliya. Allah ya ƙara maka ƙarfi, ya sassauta maka ciwon gwiwar nan. Mu nan lafiya lau. Inabin bana ya yi kyau, jikar maƙwabciyarmu Ruža ta sauka an sami namiji, ƙuguna da aka yi wa aiki kuma ya warke sarai, ko da yake na ji kai da 'yata Dubravka kun yanke hukunci cewa na zama kayan ajiya.

Ta gaya mini abin da kuka ƙulla a waya. Wai in rufe gida kafin sanyi in koma wurinta Zagreb, can saman bene, in wuni ina leƙen motoci ta taga. Wai kuma kai ka ce a hana ni tafiyar Asabar. Yaya, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tun da mijina ya rasu aka sayar da jirginmu ban taka tsibirin Inna ba, zaitun ɗinta na can sun zama kurmi. Masu jirgin da na roƙa duk sun yi ta yi mini hanya-hanya, ashe Dubravka ta riga ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa na shiga ayarin baƙin nan masu tuƙa ƙananan kwalekwalen roba su kwana a tanti, domin a gaɓarmu suke yada zango. Abin da kunya, 'yar masunta guda a tsakiyar Jamusawa masu shafa mai a hanci, amma zuwa zan yi. In ban je bana ba, na san ba za a sake bari na ba.

Jagorar tafiyar, Tihana, ta kawo mini jakunkuna biyu waɗanda ruwa ba ya shiga, ta ce abin da bai sami wuri a ciki ba ya zauna gida. Na baje kaya a kan gado, bargo da rigar ulu da tocila da magunguna, cuku, busasshen ɓaure, 'yar kwalbar barasar nan tamu rakiya, sai zarton Baba na sare rassa. Zarton ya ƙi shiga. Na fitar da katifar da ake hura wa iska, tunda ƙasar da na yi rarrafe a kanta ba za ta cinye ni a dare ɗaya ba, na naɗe haƙoransa da tsumma na cusa shi. Tihana ta jinjina jakar, ta ce Goggo ko yaƙi za ki. Na ce aski zan je yi wa 'yan gidanmu.

Ana cikin haka Dubravka ta iso, ta zazzage jakar ta ɗauke zarton. Ta ce in kwalekwalen ya kife wa zai tsamo ni. Na ce tekun da ya yi mini wanka ina jaririya ba baƙona ba ne, ita dai da jiri ke ɗiba a kan gada ta ji da kanta. Ta fashe da kuka, ni ma raina ya sosu ƙwarai, don na san tsoro ne ke cin ta ba raini ba. Amma na faɗa mata a fili, in ta kulle ni a Zagreb gawa za ta riƙa dafa wa shayi.

Ta fita da zarton. Da yamma sai ga ta da zarton a hannu ɗaya, jakar roba irin tawa a ɗayan. Wurin Tihana ta je ta sa aka canja mana kwalekwale mai mazauni biyu. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ta ce ita za ta zauna a baya don ta sa mini ido, na ce ko kusa. Kai ka sani, na baya shi ke juya kan jirgi. Ta zauna gaba ta ja filafili, ni zan nuna inda za a dosa. Na gaya mata, kai ma ina gaya maka, a gidana zan yi sanyin bana, da na baɗi in Allah ya kai mu.

Ka gaishe mini da matarka Zorka, da Stipe da Katica da ƙananan jikoki. Allah ya tsare ku, ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka da ba ta jin magana,
Nevenka